Koren Hasken Ireland: Talla Mai Araha da Ba Ta Faɗin Sunan Mai Ita

Ranar 17 ga Maris ce ranar Waliyyi Patrick, babbar ranar hutun Ireland, kuma hukumar tallata yawon buɗe ido ta Tourism Ireland ta mayar da ita kasuwa da wani shiri mai suna Global Greening. An riƙa roƙon masu manyan gine-gine a ƙasashen waje su haska su a daren da koren haske, launin da aka san Ireland da shi. An soma a 2010 da gidan wasan opera na Sydney da hasumiyar Sky Tower ta Auckland, daga baya Colosseum na Rum, dalar Giza ta Masar da Burj Al Arab na Dubai suka bi sahu.

Wajen araha dai shirin ya ci yabo. Ginin na wasu ne, fitilun ma nasu ne. Aikin ofishin jakadanci ko na hukumar shi ne neman izini watanni kafin ranar, a tanadi mai ɗaukar hoto, a tura wa kafafen labarai hoton a daren. Da yake dare na fara yi a New Zealand kafin ya kai Amurka, hotunan kan yi ta fitowa kusan kwana guda cur. Lokacin ma ya dace, domin a watan Maris ne Turawa da Amurkawa da yawa ke tsara inda za su je hutu a watannin Yuni zuwa Agusta.

Wajen haskawar ne ake tuntuɓe. Ginin da ke da fitilun LED, a kwamfuta ake sauya masa launi cikin minti kaɗan. Mai tsofaffin fitilu kuwa sai an rufe kowace da koriyar leda mai jure zafi, ledar na cinye haske, idan kuma aka sa ta banza sai ta ƙone. Dutse mai ruwan ƙasa yana dusashe kore, ya fito kamar gansakuka, shi ya sa farin gini irin na Sydney ya fi kyau a hoto. Hoton kuma sai jim kaɗan bayan faɗuwar rana. Idan duhu ya kankama, siffar ginin ɓacewa take.

Babban raunin shi ne kore ba na Ireland kaɗai ba ne. A haska gini a Abuja ko Riyad, mai wucewa zai ɗauka tutar ƙasarsa ake girmamawa. In ba a haɗa da allo ko sanarwa ba, an yi kitso da ƙwarƙwata. A Najeriya abin ya fi ban takaici, domin alaƙar tana nan: Ireland ta buɗe ofishin jakadanci a Legas a 1960, kuma Patrick ɗin ne waliyyin da Katolikan Najeriya suka ɗauka majiɓincinsu.

Cinikin gaske ba a gindin fitila ake ƙulla shi ba. A makon ne ministocin Ireland ke bazuwa ƙasashe, firaminista ya kai wa shugaban Amurka kwanon shamrock (ɗan tsiro mai ganye uku da ke alamta Ireland), al'adar da ta samo asali a 1952, hukumomin Enterprise Ireland (mai tallafa wa kamfanonin ƙasar) da Bord Bia (mai tallata abincinta) kuma su zaunar da masu sayarwa da masu saye. Nan ma sai an duba kalanda: a 2024 da 2025 ranar ta faɗo cikin azumin Ramadan, don haka liyafar rana ba ta da amfani a ƙasashen Musulmi, sai dai a mayar da ita buɗa-baki.

Wanda hoton ya ja hankalinsa daga Kano ko Maraɗi kuma ya sani, Ireland ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Bizar Faransa ko Jamus ba ta shigar da mutum Dublin, babban birnin ƙasar, sai ya nemi ta Ireland daban.