Na hau ƙaramin jirgi daga Agadas zuwa Dirkou, ga yadda ta kaya

Gaskiya da aka ce min jirgin injinsa ɗaya ne tal sai da cikina ya ɗuri ruwa, amma da na tuna hanyar mota kwana biyu zuwa uku ce cikin rairayi kuma sai an jira rakiyar sojoji, na ce a sa sunana kawai. Cessna Caravan ne, irin mai farfela a hanci ɗin nan, mu takwas sai matuƙa biyu.

Abu na farko da ya ɓata min rai shi ne kilo. Ba jaka kaɗai ba, har ni sai da aka ɗora a sikeli gaban mutane, aka ce kayana sun yi yawa, dole na bar buhun albasar da zan kai wa abokina. Kuma ba su faɗa min haka ba lokacin da nake biyan kuɗi. Ina shiga matuƙin ya ce "Alhaji yi haƙuri ka dawo gaba, nauyi ya yi yawa a baya", to me zan ce.

An ce ƙarfe bakwai za mu tashi daga filin Mano Dayak, ba mu ɗaga ba sai wajen goma, wai ana jiran hazo ya sarara a Dirkou. Wannan jinkirin shi ya ja mana wahala, don ƙasa ta riga ta ɗau zafi, iska mai zafi tana tasowa daga duwatsun Azbin tana cilla jirgin sama tana sakinsa kamar mota a hanya mai gargada. Na kusa da ni leda biyu ya cika, Allah sarki. Sai kuma na tuna shi kansa Mano Dayak ɗin, jagoran Buzayen da aka sa wa filin jirgin sunansa, a haɗarin jirgi ya rasu a yankin nan a 1995, ai sai salati.

Amma fa kallo wallahi ba a magana. Ku nemi kujerar hagu. Muna tashi na hango hasumiyar masallacin Agadas da sandunanta tsirai-tsirai, can gaba ga dutsen Bagzan baƙi ƙirin kamar an kifa tukunya, tsayinsa ya haura mita 2,000, ƙoramu busassu sun ratsa tsakanin duwatsun da 'yan lambuna kore jefi-jefi. Kawai sai duwatsu suka ƙare, hamadar Tenere ta buɗe, yashi iya ganinka ba ko kara. Matuƙin ya ce muna kusa da inda bishiyar nan ɗaya tilo take, wadda wani direba ya banke a 1973 aka kafa ta ƙarfe a wurin, na leƙa na leƙa ban ga komai ba. Nan Buzaye ke ratsawa da raƙuma ɗauko gishirin Bilma, ni da nake zaune a sama ma ƙishi nake ji.

Awa biyu muka yi. Saukar lafiya lau, ko girgiza babu, amma ana buɗe ƙofa iska ta buge ni kamar bakin tanda.

Babu banɗaki a ciki, kar ku cika shayi, ƙarar injin kuma sai kun toshe kunne. Zan ba su huɗu cikin biyar, ɗayan na riƙe saboda albasata.