Tayoyi masu soso a ciki: ƙarar da suke kashewa da wadda suke bari

Cikin kamfanonin taya, Michelin na kiran nasu tayoyin masu soso Acoustic, Continental ContiSilent, Pirelli kuwa PNCS, kuma za ka ga rubutun a gefen tayar. Dabarar iri ɗaya ce: ana liƙa faifan soso a bayan zanen taya ta ciki, ya zagaye ta gaba ɗaya, don a rage ƙarar da ke shiga mota a kan babbar hanya. Suna aiki, amma aiki guda ɗaya, kuma ya kamata mai saye ya san wane ne kafin ya fitar da kuɗinsa.

Taya mai iska tamkar ganga ce. Duk lokacin da ta daki tsakuwar kwalta ko mahaɗar kankare, iskar da ke cikinta sai ta kaɗa ta yi amo. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, zagayen ramin tayar ƙaramar mota kuwa, wato sararin cikinta da iska ke zama, ya ɗan haura mita ɗaya da rabi, shi ya sa amon ke faɗowa tsakanin kaɗawa 200 zuwa 250 a daƙiƙa. Wannan gunjin yana bi ta rim, ya shiga ƙafar mota, ya hau jikinta har ya iso kunne. Shi ne ke gajiyar da direba a doguwar tafiya, ya sa a riƙa ƙara sautin rediyo. Soson yana shanye shi tun yana cikin taya, kuma a nan ya cancanci yabo: a gudun kilomita 100 zuwa 120 a awa, musamman kan kankare mai gaɓoɓi, dukan nan mai amo yana komawa gajere, ya mutu nan take. Motocin lantarki sun fi cin moriyarsa, tunda babu kukan inji da zai rufe ƙarar.

Continental na cewa ragin zai iya kaiwa desibel 9 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). A lura, wannan a daidai amon ramin taya ne, ba jimillar ƙarar da ke cikin mota ba. Abin da kunne ke ji ya fi haka ƙanƙanta.

Sauran ƙarar tana nan daram. Shuuwar da zanen taya ke yi idan yana matse iska tsakaninsa da kwalta daga waje take, soson ciki bai isa ya taɓa ta ba. Rugugin kwalta mai kaushi yana bi ta robobin ƙafa ne. Iskar da ke kaɗa madubi da bakin ƙofa ita ma tana ƙaruwa da gudu. Taya mai faɗi, mai gajeren gefe, a kan rim inci 19 ko 20, za ta yi surutu ko da soso, sau da yawa ma fiye da taya marar soso mai dogon gefe a kan inci 16 ko 17.

Lakabin Tarayyar Turai da ake mannawa a sabuwar taya yana ruɗar mutane da yawa. Lambar desibel da harafin A, B ko C da ke kansa ƙarar waje suke nunawa: ana auna ta da makirfo a nisan mita 7.5, mota na wucewa a kusan kilomita 80 a awa da inji a kashe. Ma'auni ne na abin da mai tsaye a bakin titi ke ji. Bai ce komai ba game da soso.

Kafin a ɗora wa taya laifi, a gwada abu uku. A miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso, a ɗan karkata sitiyari hagu sannan dama. Idan gunjin ya ƙaru a gefe ɗaya ya ragu a ɗayan, boris ɗin da ƙafar ke juyawa a kansa ne ya fara lalacewa, sabuwar taya ba za ta gyara shi ba. A shafa tafin hannu a kan zanen, gaba da baya: idan an ji shi kamar haƙoran zarto ko yana da ramuka-ramuka, tayar ta ci ba daidai ba, kuma sanadin yawanci shoka ce da ta mutu ko saitin ƙafa da ya kauce. In ba a gyara wannan ba, sabuwar ma haka za ta ci. Na uku iska: a auna ta taya na da sanyi, a bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba ko murfin tanki. Iskar da ta wuce kima tana sandarar da taya, ta tura kowane dutse cikin mota.

Wurin faci ne waɗannan tayoyi ke da wahala. Dole a sauke tayar daga rim, a yanke soson da ke kewaye da hujin, a kankare gam ɗin har robar ta fito fes, sannan a liƙa faci ta ciki. Wanda ya liƙa a kan ragowar gam, facin zai saki. Ruwan toshe huji da ake ɗurawa ta bakin bawul shi ma bai dace da su ba, domin soson na iya shanye shi kafin ya kai ga hujin, ya jiƙe gefe ɗaya, balans ya lalace. Wani lokaci kuma soson kan ɓalle ya dunƙule a ciki. Alamarsa rawar sitiyari ko kujera a babban gudu, wadda ake yin balans ta ƙi tafiya. Sai an buɗe tayar ake gani.

Ga mai yawan doguwar tafiya a mota mai shiru, wadda ƙafarta ke lafiya, sun cancanci ƙarin kuɗin, amma a saka huɗun gaba ɗaya, don taya ɗaya marar soso ta isa ta dawo da gunjin. Tsohuwar mota mai robobin ƙofa da suka bushe kuwa, gara a fara da robobin da boris, sannan a nemi taya mai laushin gefe a girman da kamfanin motar ya rubuta.