Injin tatsar nono mai caji da na saya a Wuse, wata biyu kenan

Da hutun haihuwata ya kusa ƙarewa hankalina ya tashi sosai, don na ƙudurta nono zalla zan ba yarona har wata 6 ko ruwa ba zai sha ba, ga shi daga Kubwa nake zuwa aiki Garki, in na fita bakwai na safe sai kusan magariba. Shine na shiga kasuwar Wuse na sayo injin tatsa irin mai caji ɗin nan.

Satin farko wallahi kuka na dinga yi, zafi kamar me, kan nonon duk ya tsage kuma abin da ke fita bai kai rabin ƙaramin kofi ba. Ashe mazurarin da ya zo da shi, wato robar da ake kifawa a kan nono, 24mm ne, ya min girma, wata nas ce ta duba tace in nemi 21. Ina canzawa zafin ya tafi. Don Allah kafin ki saya ki tambayi mai shago ko akwai wasu size ɗin, mai sayar min ko sanin zancen bai yi ba. Yanzu cikin minti 15 zuwa 20 na gama, sau biyu a ofis, in na kalli bidiyon yaron a waya ma nonon ya fi saurin zubowa.

Cajinsa yana min tatsa uku, da yake wutarmu sai a hankali power bank nake haɗa masa. Yana da ƙara gaskiya, na kusa da ke zai ji, kuma wankin ƴan robobin nan bayan kowace tatsa akwai gajiya.

Ajiya ce ta fi ba ni tsoro. A ɗaki nonon baya wuce awa 4, da zafin Abuja ni ko haka bana bari ya kai, cikin kula mai ƙanƙara nake kawo shi gida in sa a firij, can yana iya kwana 4 in wuta ta zauna. Ranar farko Hajiyarmu ta ga maiƙo ya taso sama tace ya lalace a zubar, sai da na kaɗa shi a gabanta ya haɗe tukun ta yarda. Yanzu ita ke tsoma robar a ruwan ɗumi ta ba shi da ɗan kofi, fida kam munƙi don kar ya ƙi kama mama. In injin nan ya lalace irinsa zan sake saya, amma mazurarin zan fara dubawa.