Sharhi kan UCSC Genome Browser: tagar leƙen makullan ƙwayoyin gado na ƙwaƙwalwa

Na daɗe ina amfani da UCSC Genome Browser, manhajar intanet ta duba taswirar DNA, da Jami'ar Kalifoniya reshen Santa Kuruz ke kula da ita, wadda tushenta ya samo asali daga aikin harhaɗa taswirar gadon ɗan Adam da Jim Kent ya yi a shekarar 2000. Kyauta ce, kuma ba sai mutum ya yi rajista ba kafin ya fara bincike.

Abin da ya kai ni gare ta tambaya ce guda: me ya sa ƙwayoyin asali na ƙwaƙwalwar tayi suke fara haifar da ƙwayoyin jijiya, sai daga baya su koma haifar da astirosayit masu tallafa musu, alhali rubutun DNA ɗinsu bai canja ba? Amsar tana cikin alamomin da ake ɗorawa a kan DNA da kan furotin histon da DNA ke naɗuwa a kansa, waɗanda ke kulle ƙwayar gado ko su buɗe ta. Misali, ƙwayar gado ta GFAP tana kulle tun da farko, domin an liƙa metil, ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, a gurbin da furotin STAT3 ke kamawa, kuma sai an cire shi sannan ƙofar zama astirosayit take buɗewa. Idan aka rubuta GFAP a akwatin nema, manhajar tana kai mutum kuromozom na 17 nan take, inda za a iya jera masa tsibiran CpG (yankunan DNA masu yawan guraben da ake iya liƙa wa metil) da alamomin histon irin su H3K4me3 da H3K27ac daga ENCODE, aikin tattara bayanai kan sassan DNA masu aiki, layi bisa layi, ta yadda abin da ya karanta a takarda zai bayyana a gaban idonsa. A nan ne darajarta take, kuma ban ga hanyar koyarwa da ta fi wannan shiga rai ba. Haka na yi da ƙwayar gado ta MECP2 da ke kuromozom X, wadda a 1999 aka gano cewa lalacewarta ce ke haddasa ciwon Rett, wata cutar ƙwaƙwalwa da ta fi kama yara mata.

Sai dai akwai abin lura. Yawancin layukan matsakaicin tarin ƙwayoyi ne, ba hoton ƙwaya ɗaya ba, sannan waɗanda ke fitowa da farko ba na ƙwaƙwalwar tayi ba ne, don haka dole mai bincike ya nemo bayanan da suka dace daga rumbunan da ake haɗawa, kamar na Roadmap Epigenomics, aikin da ya tattara irin waɗannan alamomi daga sassan jikin ɗan Adam daban-daban. Ɗalibin da zai fara ya kamata ya zaɓi ƙwayar gado ɗaya, ya rufe sauran layukan, ya bar uku ko huɗu kawai.