Daliget ko kowa ya jefa tasa?

Malam Sakatare, kan maganar ko daliget, wato wakilai kaɗan, ne za su zaɓi shugaban ƙungiyarku ko kowane mamba ya jefa ƙuri'arsa, ni duka biyun na ɗanɗana a ƙungiyarmu ta 'yan gwanjo nan Jos, kuma ɗaya har yau ɗacinsa bai bar bakina ba.

Shekarar da muka yi na kowa da kowa, a filin wata firamare muka taru ran Lahadi da hantsi, cikin Disamba, kowa ya duƙunƙune a rigar sanyi, akwatin zaɓen ma kwalin taliya ne muka huda. Kafin a fara sai wani dattijo mai tebur ɗaya, wanda jarinsa kaf bai kai dila guda ba, ya miƙe ya tambayi Alhajin da ke neman tazarce, mai shago shida fa, ina kuɗin maigadi da aka karɓa na wata huɗu alhali ba a ɗauki maigadin ba. Wallahi sai ga Alhaji ya cire hula yana share gumi, a sanyin Jos! Wanda ya kayar da shi kuwa har ya gama wa'adinsa ko ƙarfe goman dare ka kira shi zai ɗauka, don ya san ba mutum goma suka ɗora shi ba.

Daliget, to, yana da araha kuma ba hayaniya, iyakar abin da zan yaba masa kenan. Abin kunyar ni ma na goyi bayansa lokacin da aka canza, wai gara a bar wa masu hankali kaɗan su zaɓa mana. Masu hankalin nan su sha biyar a otal suka kwana ana gobe zaɓe, wayoyi a kashe.

Kuma ba mu kaɗai ba. Dubi fidda gwanin PDP a Abuja, Mayun 2022, Atiku 371, Wike 237, daligetin gaba ɗaya ba su cika 800 ba, su suka fitar wa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ɗan takara. Amma kar in rufe ka, shi ma na kai tsayen, wato na kowa da kowa, ana yi masa aringizo in ba rajista mai kyau. A 2018 APC ta ce Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 14.8 daga 'yan jam'iyya zalla, da aka zo babban zaɓen 2019 da kowa ke jefawa miliyan 15 da ɗoriya ya samu. Kai ma yi lissafin.

Baka tambaya ba amma bari in faɗa maka, ka yi hattara da dillalan ƙuri'a. Mutum zai zo da 'yar takarda a aljihu ya ce layin kaza duk nasa ne, har da rantsuwa, ashe takardar nan ya sayar wa 'yan takara uku. Haka mai buga katin mamba, in ka ba shi aikin 300 ka tsaya a ƙirga gabanka, kowane kati da lamba, in ba haka ba ranar zaɓe za ka ga baƙin fuskoki da katinku sabo fil.

Ku ɗauki na kai tsaye kawai. Sai dai banda ƙato bayan ƙato, yaron shago ba zai iya tsayawa a layin abokin hamayyar ubangidansa ba ana kallo, gobe da safe shagon zai koma. A jefa a asirce, a ƙirga a fili nan take kafin kowa ya tafi sallah. Rajista kuma ku rufe ta wata guda kafin ranar, ku manna sunayen a bangon ofis kowa ya zo ya duba na layinsu.