Sha-ka-tafi na unguwa ko asibitin kuɗi? Amsa ga ƙanwata da ta tare a Gombe

Ƙanwata, sannu da zuwa Gombe, Allah ya sa kin tare a sa'a. Kin ce kina goyon 'yar wata biyu, ga surukarki mai hawan jini tana zaune tare da ku, kina tambaya ina ya fi ku buɗe kati: ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa, ko asibitin kuɗi da ke bakin titinku. Duka biyun na ɗumama bencinsu, da goyo da kuma tsohuwa, don haka ga abin da na gani.

Zancen jaririya ba ya buƙatar dogon tunani. Kai ta na gwamnati. Rigakafi kyauta ne, kuma su ne masu abin: allurar sati 6, ta sati 10, ta sati 14, sai ta ƙyanda a wata 9. Za su ɗora ta a sikeli, su rubuta a katinta. Layi kam akwai shi. In ba ki yi sammako ba, sai azahar ta same ki a can, yarinya na ta tsala kuka, fanka ba ta juyawa.

A tarba kuwa, asibitin kuɗi ya yi wa na gwamnati fintinkau. Kina shiga, "Hajiya sannu da zuwa, ya mai jiki?" A namu na unguwa, akwai ranar da wata nas ta daka mini tsawa gaban mata don na manta kati a gida, har na yi rantsuwar ba zan koma ba. Na koma. Daga baya ne na lura su biyu ne kacal a kan matan da suka cika rumfa, ga mai naƙuda a ɗakin ciki. Ban ce tsawar daidai ba ce, amma ita wannan nas ɗin ce ta dubi ƙafata a cikina na uku, ta ga kumburi, ta sake auna jinina, ta ce yau ba gida za ki koma ba.

Ki san wa zai duba ki. A yawancin sha-ka-tafi na gwamnati ba likita ba ne, malamin asibiti ne ko nas ko ungozoma. Zazzaɓi, gudawa, awon ciki da haihuwar da ba ta zo da gardama ba, sun iya su sarai. Su soki yatsa, cikin minti 20 a san ko maleriya ce, a ba ki maganin kwana 3. Matsalarsu magani: sau da yawa takarda za a miƙo miki ki nufi kemis. Ki tambaya ko asibitin yana cikin tsarin GoHealth, wato inshorar lafiya ta jiha. Gombe mazaɓu 114 gare ta, kuma manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti ɗaya mai aiki sosai, don haka ba kowane ne ɗaya da ɗan'uwansa ba.

A na kuɗi akwai likita, amma ki tambayi lokacinsa. Wasu sai yamma suke leƙowa, bayan sun tashi daga babban asibiti. Abin da ke damuna da wasunsu shi ne saurin "maleriya da taifot". Gwajin jinin da suke yi, wanda ake kira Widal, shi kaɗai ba ya tabbatar da taifot, amma kafin ki gyara zama an maƙala ƙarin ruwa, an jero allurai. Mu ma da laifinmu: in ba a yi mana allura ba, sai mu ce ba a duba mu ba.

Kan Mama surukarki ne nake so ki tsaya. Hawan jini ba ciwon zuwa ɗaya ba ne, yana son wanda ya san ta, ya san wane magani ya kumbura mata ƙafa, wanne ya sa ta tari. A nan na kuɗi ya fi, muddin likita ɗaya ne zai riƙa ganinta, ya zauna ya ji ta da Hausa ko Fulatanci ba tare da yana duban agogo ba. In yau wannan gobe wancan, kuɗinku kawai kuke zubarwa. Ni abin da na yi wa tawa tsohuwar: likita a na kuɗi duk bayan wata biyu ko uku, awon jini kuma a na unguwa tsakanin haka. Na sayi ɗan littafi, duk wanda ya auna sai ya rubuta mini lambar da kwanan wata. In tana yawan kai 140/90 ko sama, littafin nake kai wa likita, ba labari ba.

Dare kuma, je ki da rana ki tambaya ko suna kwana, kuma me suke kunnawa in an ɗauke wuta. In kuwa bakin Mama ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko yarinya ta ƙi nono tana shiɗewa, kada ki tsaya a ko ɗaya cikinsu. A tari Keke Napep a wuce Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yau za ki ji ana ce masa FMC. Ki ɗauki littafin da ledar magungunanta.