Bulowar 6-71 ta gwanjo a kan injin Chevy 350 mai kafireta: ta biya, amma ba da araha ba

Bulowar nan, wato sufacaja irin ta Roots, na'urar da bel ke juyawa tana tura ƙarin iska cikin injin, asalinta ba ta motar tsere ba ce. An ƙera ta ne don injin dizal na Detroit Diesel 6-71, mai silinda shida, wanda jerinsa ya fara fitowa a 1938, daga baya makanikan Amurka suka riƙa ɗora ta a kan motocin fetur. Wadda na gwada ta gwanjo ce, a kan injin 350 na motar Chevrolet Chevelle ƙirar 1971, da kafireta biyu na kamfanin Holley masu cfm 600 kowanne (cfm ma'aunin yawan iskar da ke wucewa a minti ɗaya ne). Ƙarfin da take bayarwa tun daga ƙasa ba ƙarya ba ne: da ka taɓa totur motar ta zabura, babu jiran da ake yi wa tobo. Sai dai kuɗin bulowar shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin.

Kafin a biya, a juya rotocin, wato ƙarafa biyun da ke juyawa a cikinta suna tura iska, da hannu. Su juya sumul, ba gogayya, ba wasa a giya. A haska tocila cikin kaskon: ƙananan zane ba komai, amma kwari mai kama farce alama ce ta haɗiyi noti ko yashi, a bar wa mai ita kayarsa. A kuma tambaya ko an riga an mayar da ita ta fetur, domin wadda aka ciro kai tsaye daga injin dizal sai an sake saita ratar rotoci. Ta injin 6V-71 kuwa mazauninta daban ne, ba ta hawa manifol ɗin da aka saba sayarwa, wato mazaunin da ke raba iska da mai zuwa silinda. Boris da sil a canza su ko da mai sayarwa ya rantse sababbi ne. Sil ɗin da ya gaji yana barin man giya ya zube cikin injin.

Injin 1971 ya dace saboda matsinsa, wato yadda fistin ke matse cakudin iska da mai, 8.5:1 ne. Lissafin shi ne a raba matsin bulowa, a ma'aunin psi, da 14.7 (matsin iskar waje), a ƙara ɗaya, a ninka da matsin injin. Da psi 6 ana samun kusan 12:1, kuma nan ne iyakar fetur ɗin gidan mai. Injin 1970 mai 10.25:1 zai haura 14:1, fistin ba zai jure ba. Ko a 8.5 ɗin ma na fi amincewa da fistin ƙirar dukan ƙarfe da ringi mai rata mai ɗan faɗi, don zafi na sa bakin ringi ya haɗe ya fasa kan fistin. Fulen bulowa ya fi na karanshaf girma, ta yadda za ta riƙa juyawa ƙasa da injin da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Inda aka fi asarar injin shi ne kafireta. Tana zaune a saman bulowa, don haka kullum zuƙar iska take ji, ko da manifol na ƙasa ya cika da matsi. Bawul ɗin ƙarin mai na Holley da zuƙar nan yake aiki: in tana da ƙarfi sai ya rufe. Ke nan a daidai lokacin da injin ya fi bukatar mai, bawul ɗin na iya zama a rufe, cakudin ya yi siriri, fistin ya narke cikin daƙiƙoƙi. Maganinsa a toshe hanyar zuƙar ta asali, a jawo siririn tiyo daga manifol, ƙarƙashin bulowa, zuwa bawul ɗin. Kada a yi saitin da kunne. A sa na'urar auna iska da mai a salansa, a nemi kashi 11.5 zuwa 12 na iska ga kashi ɗaya na mai a cikakken totur. Layin mai ya zama rabin inci, matsinsa psi 6 zuwa 7, kuma kada ya faɗi a lokacin gudu.

Taimin a fara da digiri 28 gaba ɗaya, fulogi mai sanyi mataki ɗaya ko biyu, rata inci 0.035. Babbar distirbuta ta HEI, mai kwal a cikin hularta, ba ta samun wuri a bayan bulowar, sai mai ƙaramar hula.

Abu biyu ne ke ruɗin wanda ya saba ɗaure komai tamau. Bel mai haƙora ana barinsa da sassauci, wajen kashi uku cikin huɗu na inci in injin ya huce, saboda alminiyam na kumbura da zafi ya ja shi. Bel mai tsauri yana cin boris, har ya karya hancin karanshaf. Notocin da ke riƙe bulowa kuma ƙarfin ɗauri na fam-ƙafa 10 ya ishe su. In aka wuce haka kaskon ya murɗe, rotoci su fara cin bango. A duba bawul ɗin tsaro na jikin manifol ma, shi ke fitar da wuta in injin ya yi tari baya.

Illolinta a fili suke. Sai an yanka bonet, tana tare wani sashe na ganin hanya ta dama, tana shan mai, kuma a cunkoso zafi na hawa sai an sa lagireto mafi girma. Ga mai injin da matsinsa bai wuce 8.5:1 ba, wanda zai sayi na'urar auna mai kafin ya sayi kayan ado, na ba da shawarar ta. Wanda injinsa ke kan 10:1 ya fara canza fistin tukuna.